Shaidar Dokta Junaidu

"Kai na wanga?" shugaban 'yan bindigar ya tambaya, yana kara wa Dokta Lauwali wayarsa a fuska.

Shi ne kuwa. Shafinsa ne na dandalin malaman jami'a, wanda tun rasuwar matarsa yake yi wa hidima fiye da cikinsa. Ga hotonsa da wani kanar, a ƙasa an rubuta: masanin tsaro, mai nuna wa sojoji maɓoyar 'yan bindiga. A wurin ɗaurin aure aka ɗauki hoton. Bai taɓa shiga daji ba sai yau, da suka sauke shi daga mota a hanyar Gummi.

"Ƙarya ta, na rubuta don neman suna," in ji Lauwali.

"In gaskiya ta, ba ka kwana."

"Kira Dokta Junaidu, abokin aikina. Kullum shina tona mini asiri a dandalin."

Shugaban ya kira, ya buɗe murya kowa ya ji.

"Ka san mai wayar ga? Mun tsince shi bakin hanyar Gummi. Wace shaida za ka yi mai?"

Junaidu ya ɗauka Lauwali ya rasu. Baƙuwar murya a wayar mutum, ga maganar shaida, ai an gama. Mamaci kuwa ba a yi masa sai shaidar alheri.

"Inna lillahi! Allah ya jiƙan Lauwali. Malam, duk abin da bawan Allahn nan ya rubuta gaskiya ta. Hassada ce kawai ta sa nike ƙaryata shi."

Lauwali bai ji komai a ransa ba. Ya dai lura muryar Junaidu har rawa take yi.