Amsar Baba Mai Ƙofa

Auta ta tura aikinta, ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin shayi. Kafin kofin ya kai bakinta amsa ta dawo: "Sunayen ba su bi tsari ba. A gyara, a sake turowa."

Kamfaninsu ya ƙera sabuwar firinta, kuma Auta aka ɗora wa rubuta kod, jerin umarnin da zai sa kenel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya gane ta. Kenel ɗin ba na kamfanin ba ne, na jama'a ne, kowane sashe da mai tsaronsa. Sashen firinta yana hannun wani dattijo da ake kira Baba Mai Ƙofa. Babu wanda ya taɓa ganinsa a ofishin, amma ko sunansa aka ambata sai ka ga mutane sun gyara zama.

Manaja ya faɗa mata tun ranar farko, bai ko ɗago daga wayarsa ba. "Idan Baba ya karɓa kafin a rufe shigar da sabon aiki, kin zama ma'aikaciya. Idan bai karɓa ba, to, mun gode."

Dokar Baba ba ta da wuya a baki. Kowane fankishin, wato guntun kod mai yin aiki ɗaya, dole sunansa ya fara da sashen, sannan aikin ya biyo. Ita ta rubuta buɗe_firinta, shi kuwa firinta_buɗe yake so. Ta juya su duka. Sai ya ce in sunan fankishin ɗauko ne, sunan abokinsa mayar ne, ba saki ba. Ta gyara wannan ma, tana ƙunƙuni.

Saura ɗaya tak. Firintarsu tana yanke takarda da kanta, abin da babu wata a sashen da take yi. Auta ta sa wa fankishin ɗin yankan suna firinta_yanka. Amsa ta zo: "Ba a saba da wannan kalmar a nan ba. A gyara, a sake turowa." Ta gwada datse, ta gwada tsaga, ta gwada raba. Kai, har gutsure ta gwada!

Daga nan ta koma lallashi. Ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta yi masa bayanin wuƙar da ke cikin firintar dalla-dalla, ta haɗa da hoto. Baba bai taɓa amsa gaisuwar ba. Amma fa a ba shi haƙƙinsa, mutum ne mai himma: ranar aiki, ranar hutu, ba ya barin kowa jira.

A gida yayarta ta gaji da ganinta tana juya abinci a kwano ba ta ci.

"Wai tsohon nan ba shi da 'ya'ya ne? Ki je ki same shi mana. Ido da ido ba zai iya miki wannan wulaƙancin ba."

Auta ta ji tsoro sosai, amma tsoron komawa zaman gida ya fi. Ana gobe za a rufe, ta yi ta cigiya wurin tsofaffin ma'aikata har wani ya yi mata kwatance. Ta shiga mota, ta sauka a ƙarshen layi, ta bi wani lungu mai kwata a tsakiya har ƙofar wani gida mai warin kaji.

Wani tsoho ne a tsakar gidan, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, yana wanke mazubin ruwan 'yan tsaki. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har ya jawo mata kujera. Nan ta ji hawaye sun taho.

"Baba, don Allah ka taimake ni. Aikina ne zai tafi. Firintar nan yanka take yi, wallahi yanka take yi, ban san me zan kira shi ba. Ka faɗi sunan da kake so, ko mene ne zan sa."

Tsohon ya ajiye mazubin, ya share hannu a riga, ya daɗe yana kallonta da tausayi.

"Ayya 'yata, ai rabona da kwamfuta an yi shekaru. Wata 'yar manhaja na rubuta ta riƙa duba min sunaye tana amsawa da sunana, kalmomin da na ba ta kawai ta sani, na kuma manta yadda ake kashe ta. Ni ma nawa aikin ta yi ta dawo min da shi, shi ya sa kika gan ni cikin kaji."