Akwatin da Oga Ya Jefar

Oga ya jefa tsohon akwatin wasan bidiyo cikin kwandon shara. "Wasanmu ya fi ƙarfin wannan tarkacen, sai kwamfuta mai tsada."

Ni na rubuta wasan tseren motocin. Na ce masa ba injin ne da laifi ba, aikinmu ne bai gyaru ba. Ya ce bakina ya yi yawa.

Sati uku ina rage wa wasan nauyi.

Ranar gwaji, motoci suka sheƙa a allo, ko maƙalewa babu. Oga ya shafa sabuwar kwamfutarsa yana washe baki. "Kin gani ko?"

"Na gani, ranka ya daɗe. Sai dai ba ka kunna ta ba."

Ya bi wayar allon da ido har cikin kwandon shara.