Ramin Iya Dije

Tun da aka kafa dokar hana kowane wasa kayar da ɗan Adam, Lawandi bai san ɗacin faɗuwa ba. Aikinsa ma shi ne bi gida-gida yana karɓe tsofaffin na'urorin wasa. Yau layi ya biyo ta kan kakarsa, Iya Dije.

Ya tarar da ita a tsakar gida, ta jona tata da tsohuwar talabijin.

"Mai gidana, kafin ka ɗauke, tsallake min ramin nan," in ji ta.

Ya zauna don kada ya yi mata musu. A fuskar talabijin, wani ɗan jarumi ne ke gudu daga hagu zuwa dama, an tsara shi da ƙananan ɗigo kamar ɗinkin hula. Launinsa bai taka kara ya karya ba, amma har jelar rawaninsa kaɗawa take yi. Lawandi ya shagala da kallo, ya danna tsalle a makare. Jarumin ya afka rami.

Ya jira ramin ya tsuke kamar yadda aka saba a wasannin da doka ta yarda da su. Ramin ko gezau.

"Iya, ya mutu."

"Na shekara ina mutuwa a nan. Sake."

Ya sake, ya ƙara faɗawa. Munduwar hana ɓacin rai da hukuma ta sa masa a hannu ta fara ƙyalli, wani sanyi mai kashe zuciya yana bin jijiyarsa. Ya dubi munduwar, ya dubi ramin. Sai ya zare ta, ya tura ƙarƙashin tabarma.

"Iya, daga ina kike yin tsallen?"

Ta matso, ta ɗora yatsa a kan gilashin.