Giris a kan lalle

Rubuta yadda na faɗa, jikalle. Ɗazu babanki ya kwance tayar tirelarku ta zuwa daji a ƙofar gida nan garin Upper Marlboro, warin giris ya shigo mini har ɗaki, sai na tuna wani yammaci ina yarinya.

Washegari za a kai gwaggona ɗakin miji, amalanken Baba ce za ta ɗauki kayanta, ga ƙafar amalanken ɗaya tana kuka. Baba ya zauna gindin darbejiya, ya ciro boris, ƙwayoyin ƙarfen nan da ƙafar ke juyawa a kansu, ya wanke da kananzir. Na ce in ɗebo man kaɗen Inna? Ya yi dariya ya ce, "Wannan narkewa zai yi a hanya, uwata. Sai giris."

Ya buɗe gwangwani, amma yatsunsa sun yi kauri, girisin ya ƙi shiga tsakanin ƙwayoyin. Ya dubi hannuna, ranar aka cire mini lallen biki, ya yi ja sosai.

"Yatsunki ne daidai," in ji shi.

Na daɗe ina kallon lallen, sannan na tsoma. Na yi ta cusawa har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ya mayar, ya juya ƙafar, shiru.

Inna ta fito ta rafka salati. Baba ya ce, "Ƙyale ta, wannan hannun ne zai kai amarya."

Tun da kakanki ya rasu, ba wanda ya nemi hannun nan da wani aiki. Dakata, bari in share idona.