Wayar da Ta Haddace Hanya

Bari in ba ka misalin wani dattijon direba mai kai burodi ƙauyuka a tsohuwar a-kori-kura. Tun da matarsa ta rasu ya rage shi kaɗai a gida, 'yarsa tilo tana aure a gari mai nisa. Kullum da yamma takan kira ta ji ko ya dawo lafiya, kuma wannan kiran ya fi masa tuwon dare. Ana nan sai ta sa masa wata manhaja a waya, mai shegen wayo. Manhajar ba ta kunna taswira balle ta shanye caji, girgizar mota kawai take saurare. Ta san kwanar gidan mai, ta san ramin bakin gada, ta san inda yake taka birki saboda shanu. Muddin ya bi hanyar da ya saba sai ta yi lamo, in ya kauce ne take farkawa ta sanar da 'yar. Caji ya riƙa kwana, hankalin 'ya ya kwanta, kira ya ɗauke. A ganinta shiru lafiya ce.

Kewa ta ci dattijo, amma 'yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa, ina zai iya buɗe baki ya ce yana son jin muryarta? Sai wata rana da gangan ya karya kan mota ya bi ta bayan maƙabartar da aka binne matarsa, ya tsaya. Bai gama yi mata addu'a ba waya ta yi ƙara. "Baba, lafiya? Ina ka nufa?" Ya ce lafiya lau, ya ja hira har da tambayar jikoki. Abin ya yi masa daɗi, ya mai da nan hanyarsa ta kullum. To ita waya ina ruwanta da dalili, maimaici ta sani. Ta haddace wannan ma, ta koma barcinta. Bawan Allah ya riƙa tsayawa a bakin maƙabarta, waya a tafin hannu cike da caji, ba mai kira. Da Sallah 'yar ta zo, ta shigo da fara'a tana cewa kullum waya na nuna mata yana nan ƙalau. Sai ta ɗaga ido ta dube shi. Kumatu sun zurma, hular da ta saya masa bara ta sauko har kunne. Ta durƙusa a gabansa tana kuka.

Shi ya sa Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska.