Farar Sarƙa a Isandlwana

Bhekani, mai zagayawa da baƙi a fagen yaƙin Isandlwana, jinin jarumai ne da ba su san tsoro ba. Yau dai, a gaban Nokulunga mai kula da gidan tarihin wurin, in'ina ya kama yi.

"Dama... dama..."

"Haba, bhuti, yayana! Kakanninka da mashi suka tunkari bindiga," ta ce, tana kallon takalmansa. "Kai magana ɗaya ta gagare ka?"

Ya runtse ido. "Ki aure ni."

Sai ta rataya masa farar sarƙar duwatsu, wadda a al'adarsu budurwa ke bayarwa in ta amince.

"Na ci yaƙi!" ya kwarma ihu, har baƙi suka waiwayo.

Shekara biyu ke nan sarƙar tana cikin jakarta.