Kwana Tara Ba Tattaki

Yau kwana tara ke nan tana ɗaure gwiwar da lafiyarta ƙalau. Ta idar da sallar asuba, ta naɗe ƙafar da tsumma, ta ɗingisa zuwa keken ɗinkinta. Maigidanta yana bakin ƙofa da takalman tattaki a hannu. Ya dube ta, ya mayar da su ƙarƙashin kujera.

Wata biyu da suka wuce ne ya matsa mata ta raka shi asibiti. Ita da asibiti ba sa ga maciji tun rasuwar mahaifiyarta, wadda aka gaya wa tana da ciwon zuciya ta kwanta don fargaba, ba ta sake tashi ba. Ta sha gaya masa cewa ranar da likita ya ambata mata ciwo, tsoro ne zai riga ciwon kashe ta. Ran nan ma da ƙyar ta miƙa hannu da malamar asibiti ta ce tunda ta zo, a auna su tare. Shi kaɗai ya koma karɓo sakamako.

Ya dawo da takarda, ya ninke samanta, ya kafe ta da ƙusa a bayan ƙofa. Ya ce jini ya hau, zuciya ta fara gajiya, amma an kama abin da wuri.

"Motsa jiki iri biyu ne, Tela," in ji shi. Haka yake kiranta in zai tsokane ta. "Akwai mai tsawo da ake yi ana jan numfashi, kamar tafiya da ɗan sauri. Shi ne abincin zuciya, kullum rabin awa. Akwai gajere na ƙarfi, mai cinye numfashi, kamar ɗaga nauyi. Wannan na tsoka ne, kaɗan-kaɗan, sau biyu a mako. Kuma likita ya ce sai da abokin hira. In ana iya magana amma ba a iya waƙa, saurin ya yi daidai."

"Kai da waƙa? Allah Ya rufa wa unguwa asiri."

Suka fara. Tun daga ƙofar gida yake jero mata tambayoyi: wa ya kawo ɗinki, me ƙanwarta ta ce a waya. Tana haki ta ce ai shi ya kamata ya yi maganar, shi ake aunawa. Ya ce ita dai ta ba shi labari. A hawan da ke bayan makaranta yakan kama wuyan hannunta ya yi shiru, ta bar shi ya jingina, tausayinsa ya cika ta. Ranar ɗaga nauyi kuwa robobin ruwa biyu yake cikawa, ya ba ta ɗaya don kada ya ji kunya shi kaɗai.

A mako na bakwai ta gaji. Barcin safe daɗi gare shi, ɗinki ya taru, shekara ashirin jikinta ya saba da kujera. Sai ta ƙirƙiro gwiwa.

Ta ce ya tafi da maƙwabci. Ya ce ba haka likita ya tsara ba. Ya zauna a gida, abinci sai ya tsakura ya ture. Bini-bini sai aike: ɗauko min tabarau a ɗaki, duba ko an rufe famfon tsakar gida. Ta ɗauka ciwo ne ke sa shi rigima.

Da hantsin nan ta leƙa ɗakinsa ta same shi a kan darduma, hannuwa sama, gemu jiƙe da hawaye. "Ya Allah, zuciyar nan," yake cewa, "Ka ƙara mata kwana."

Ta ja da baya daga ƙofar. Mutumin da bai taɓa hana ta komai ba, rabin awa kawai ya roƙa, ta yi masa rowa da ƙarya, ƙaryar ma bayan sallama daga sallah. In wani abu ya same shi, me za ta gaya wa 'ya'yansu? Me za ta gaya wa Ubangiji?

Ta kwance tsumman tana istigfari, ta zare takardar daga ƙusa, ta fita ba ɗingishi. Za ta gaya wa likita gaskiya, ta ji irin ɓarnar da kwana tara suka yi wa mijinta.

Sau biyu ta tsaya hutawa a benen asibitin, ƙirjinta na bugawa. Malamar asibiti ta ce ta karanto mata lambar katin, tana saman takardar. Ta warware ninkin da ƙusa ta huda.

Kusa da lambar, a layin da aka rubuta "mara lafiya", sunanta ne.